Wuƙa da Tauri: Yadda Ƙwayoyin Cuta Ke Bijire wa Magani

Mutanen Kawo, Hayin Banki, Rafin Guza, Unguwar Dosa, Mando, da duk inda muryar nan ta kai, ina gaishe ku. Direbobin da ke jiran layi a tashar Kawo, ku ɗan ƙara murya. Iyaye mata da ke tsakar gida, ku matso kusa. Maganar yau ta kowa ce.

Shirinmu na yau a kan magani ne. Irin maganin da likitoci ke kira antibayotik, wato mai kashe ƙwayoyin cuta na baktiriya. Ko ba ku san sunan ba, kun san shi. Kafson nan ja da yalo. Ampiclox. Septrin. Flagyl. Augmentin. Da wuya a shiga gida a Kawo a rasa ragowar ɗaya daga cikinsu a leda ko a saman taga.

To, wannan magani ya fara gazawa. Wanda ya warkar da iyayenmu cikin kwana uku, yau ana sha mako guda ciwo na nan. Me ya jawo? Kuma masu bincike, me suke shiryawa? Za mu fara da makamin ƙwayar cuta. Daga nan mu dubi yadda take bijire wa magani. Sai mu leƙa ɗakunan bincike. A ƙarshe mu dawo gida.

Bismillah. Kashi na farko: makamin ƙwayar cuta.

Baktiriya halitta ce ƙarama, ido ba ya ganinta sai da madubin likita. Tana cikin ƙasa, tana cikin ruwa, tana kan fatarmu, tana cikin hanjinmu. Yawancinsu ba su cutar da kowa. Wasu ma amfani suke mana. Su ne ke mayar da madara kindirmo. Su ne ke nunar da daddawa. Kaɗan ne daga cikinsu ke sa ciwo.

Ku riƙe wannan kuma: baktiriya daban, bairos daban. Mura bairos ce. Ƙyanda bairos ce. Antibayotik ba ya taɓa bairos ko kaɗan. Zan maimaita: antibayotik ba ya maganin mura.

Me ya raba baktiriya mai cutarwa da marar cutarwa? Makami. Wata tana da dafi. Wata tana da abin manne wa jikin mutum. Wata tana da rigar da ke ɓoye ta daga garkuwar jiki. Wannan shi ne ƙarfin cutarwa.

Duk wanda ya taɓa kallon wasan 'yan tauri zai gane abin da zan faɗa. Ɗan tauri abu biyu gare shi. Akwai wuƙar da ke hannunsa, wadda zai iya yi wa wani illa da ita. Akwai kuma taurin da ke jikinsa, wanda aka ce shi ke hana wuƙar wani kama shi. Haka ƙwayar cuta take. Wuƙarta ita ce dafinta. Taurinta shi ne bijire wa magani. Mai wuƙa ba tauri, magani zai kayar da ita. Mai tauri ba wuƙa, ba ta cika damun kowa ba. Wadda ta haɗa biyun, ita ce ke hana likitoci barci.

Ba sai mun je nesa neman misali ba. Mashaƙo.

A watan Disamba na 2022 aka sanar da hukumar NCDC, mai yaƙi da cututtuka masu yaɗuwa, cewa mashaƙo ya ɓulla a Kano da Legas. Kano ce ta fi kowace jiha shan wahala. A watan Yuli na 2023 aka tabbatar da shi a jiharmu ta Kaduna, a Kafanchan. Zuwa farkon 2025, waɗanda ya kashe a ƙasar nan sun haura 1,000. Yawancinsu yara ne. Yawancinsu kuma ba su samu cikakken rigakafi ba. Allah ya jiƙansu, ya ba iyayensu haƙuri.

Yaya mashaƙo ke kisa? Ƙwayar tana zama a maƙogwaro. Ba ta cika yawo a jiki ba. Daga inda take zaune take sako dafi. Dafin yana kashe naman maƙogwaro, sai wata yana mai launin toka ta shimfiɗu a wurin. Wuya ya kumbura. Haɗiya ta gagara. Numfashi ya yi wuya. Sauran dafin ya bi jini, ya sauka a zuciya, ya sauka a jijiyoyi. Shi ya sa za a ga yaro kamar ya fara samun sauƙi, bayan mako ɗaya ko biyu zuciyarsa ta gaza.

Ga abin mamaki. Ba kowace ƙwayar mashaƙo ce ke da dafi ba. A 1951 wani masani a Amurka, Victor Freeman, ya gano cewa aron wuƙar take yi. Akwai wani bairos da ba ya kama mutum, baktiriya kawai yake kamawa. Idan ya shiga cikin ƙwayar mashaƙo, sai ya bar mata umarnin yadda ake haɗa dafi. Daga ranar ta zama mai kisa. Ikon Allah kenan: cuta ce ta kama ƙwayar cuta, mu kuma muka kwana a ciki.

Wannan ya sa maganin mashaƙo hawa biyu ne. Ana ba da antibayotik don a kashe ƙwayar. Ana kuma ba da allurar makarin dafi. Idan an kashe ƙwayar amma dafin ya riga ya shiga zuciya, an makara. Makarin yana kama dafin da ke yawo a jini ne kawai. Wanda ya riga ya shige cikin nama, ya wuce. Don haka kwana ɗaya da aka ɓata a gida ana gwada kafso, kwana ne mai tsada.

Makarin nan tsohon ilimi ne. A 1890, a birnin Berlin na Jamus, Emil von Behring da abokin aikinsa ɗan Japan, Shibasaburo Kitasato, suka gano cewa jinin dabbar da ta tsira daga dafi yana ɗauke da makarinsa. A kan wannan aiki aka ba Behring kyautar Nobel ta farko a fannin likitanci, a 1901. Har yau daga jinin doki ake samar da makarin mashaƙo. Masu yin sa a duniya 'yan kaɗan ne, shi ya sa yake ƙaranci idan annoba ta tashi.

Yanzu ku saurari inda labarin ya haɗu da batunmu. A 2023 an gwada samfuri 62 na ƙwayar mashaƙon da aka ɗauko daga marasa lafiya a Najeriya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da rahoton cewa dukkansu sun bijire wa fenisilin. Dukkansu. Yawancinsu kuma sun bijire wa wasu magunguna biyu da aka saba da su. Aka yi sa'a, eritromaisin yana kama su, sai aka koma kansa. Kun ji ko? Wuƙa a hannu, tauri a jiki. Ba a ƙasar Turawa ba. A nan, tsakanin Kano da Kaduna da maƙwabtansu.

Kwalara ma dafi ce. Ƙwayar tana zama a hanji, dafinta ya sa hanji ya yi ta zubar da ruwa har mutum ya bushe. Ita ma aron dafin ta yi daga wani bairos. A 2021 sama da mutum 100,000 aka yi zaton sun kamu a Najeriya, sama da 3,000 suka rasu. Abin da ke ceton mafi yawan masu kwalara shi ne ruwan gishiri da sukari, wato ORS, da ƙarin ruwa ga wanda ya galabaita. Ruwan ba ya kashe ƙwaya ko ɗaya. Ɓarnar dafin yake gyarawa, har jiki ya kore ta. Ku ajiye wannan a ranku, za mu dawo kansa.

Masu sauraro, mun gama da wuƙa. Kashi na biyu: tauri.

Da farko mu gyara wata magana. Za ka ji mutum ya ce, "Jikina ya saba da maganin nan, ba ya yi mini." Malam, ba jikinka ne ya saba ba. Ƙwayar ce ta saba. Bambancin babba ne. Da jikinka ne, matsalar taka ce kai kaɗai. Amma ƙwaya tana tashi daga kanka ta koma kan matarka, kan jaririnka, kan wanda kuka ci tuwo kwano ɗaya. Jaririn da bai taɓa shan kafso ba yana iya kamuwa da ƙwayar da ba ta jin kafso.

Yaya take yi? Wata tana fitar da sinadarin da ke farfasa maganin kafin ya taɓa ta. Wata tana tofar da shi waje da zarar ya shiga. Wata tana sauya fasalin wurin da maganin ke kamawa, ya zo ya rasa madafa.

Kuma baktiriya na da saurin haihuwa. Wata, idan ta samu abinci da ɗumi, cikin minti 20 ta rabu biyu. Ku lissafa. Guda ɗaya da asuba, cikin awa 8 ta haura miliyan 16. A cikin wannan taro ba a rasa 'yan ƙalilan da suka fito da tauri. Idan magani ya zo, masu rauni su mutu. Masu taurin su rage. Fili ya zama nasu, su hayayyafa. Abin da ya fi haka, suna ba juna. Baktiriya na iya miƙa wa maƙwabciyarta umarnin tauri, ko da ba danginta ba ce. Wadda ke zaune lafiya a hanjinka tana iya koya wa baƙuwa mai dafi.

Ma'ana, duk lokacin da antibayotik ya shiga cikinka, ko da buƙata ko babu, ana yin wannan tankaɗe da rairaya.

Wanda ya gano fenisilin a 1928, Alexander Fleming, ya hango wannan. A jawabinsa na karɓar kyautar Nobel a 1945, ya yi gargaɗi cewa lokaci zai zo da kowa zai iya sayen fenisilin a shago, mutum ya sha ƙasa da kima, ya koya wa ƙwayoyin jikinsa jurewa. Kamar ya leƙo kasuwar Kawo ranar Talata.

Ku zo mu tsaya a bakin kemis, mu ji.

Magidanci ya shigo da magariba, ya gaji, jiki na zafi.

"Likita, tun jiya jikina ba daɗi. Haɗa mini na ɗari biyar."

"Ranka ya daɗe, ɗari biyar ai ba ta sayen kati guda."

"To yanko mini abin da ya samu. Gobe in Allah ya hore na dawo."

Aka yanko kafso huɗu, aka haɗa da na zazzaɓi, aka ƙulla a leda. Washegari jiki ya yi dama. Bai dawo ba. Kafso ɗaya ma ya rage, ya ajiye wa yaro.

Ni ba zan zagi wannan bawan Allah ba. Ɗari biyar ɗin ce a aljihunsa. Asibiti akwai kuɗin kati, akwai layi, akwai wunin da zai rasa. A ƙasar nan rashin samun magani ma yana kisa, kada mu manta. Amma gaskiya ɗaya ce: ba wanda ya duba ko baktiriya ce ke damunsa. Idan ita ce, kafso huɗu sun kashe masu rauni, sun bar masu tauri. Idan ba ita ba ce, ya horar da na hanjinsa a banza. A doka, yawancin waɗannan magunguna sai da takardar likita ake sayar da su. A aikace, kowa ya san yadda ake.

Iyaye mata, ga taku. Ɗiga wa jariri Ampiclox daga haihuwa, wai don a wanke masa ciki ko a kare cibiya, ba shi da tushe a likitance. Ba shi Flagyl duk lokacin da ya yi zawo, wai haƙori ne, haka. Yawancin zawon yara bairos ne. Abin da suke buƙata ORS ne da zinc da nono.

Sai maganar taifod. A garin nan, zazzaɓi ya kwana uku, an ce "maleriya da taifod". Gwajin Widal da ake dogaro da shi yakan nuna akwai alhali babu. Likitoci sun daɗe da sanin haka. Sakamakon shi ne dubban mutane na shan maganin taifod ba su da taifod. Mu dubi Pakistan mu ɗauki darasi. A 2016, a yankin Hyderabad, wata taifod ta ɓulla wadda ta bijire wa kusan duk magungunan da aka saba ba ta, har da allurar seftiriyazon.

Masu kiwon kaji, ban manta da ku ba. Zuba magani a ruwan kaji kullum, ba ciwo ba komai, wai don su yi saurin girma, makaranta ce ta koyar da tauri. Kashin kajin yana zuwa gonar kayan miya. Ruwan yana bin kwata zuwa rafi. A jikin kwalin maganin an rubuta kwanakin da za a jira kafin a yanka ko a sayar da ƙwai. Mutum nawa ke karantawa? A 2015, a ƙasar Sin, an gano tauri a kan kolistin, maganin da likitoci ke ajiyewa sai an rasa yadda za a yi. A jikin aladun gona aka fara ganinsa. Ba a jima ba aka same shi a ƙasashe da dama.

Ga jabu kuma. A 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a ƙasashe irin namu, magani 1 cikin 10 jabu ne ko marar inganci. Wanda aka rage wa ƙarfi, ko wanda ya wuni a faranti rana na dukansa a tasha, daidai yake da shan rabin kima.

Nawa ne kuɗin wannan duka? Wani babban bincike da mujallar Lancet ta buga a farkon 2022 ya ƙiyasta cewa a 2019 mutum miliyan 1.27 suka mutu a duniya kai tsaye saboda baktiriyar da ta bijire wa magani. Adadin ya fi na ƙanjamau a shekarar. Ya fi na maleriya. Kuma idan aka auna da yawan jama'a, ba inda abin ya fi tsanani kamar Afirka ta Yamma. Najeriya kaɗai an ƙiyasta mata 64,500. Ba a rubuta wannan a takardar mutuwa. Sai dai a ce ciwon huhu ne, ko jego ne ya zo da gardama, ko jaririn bai zo da kwana ba.

Kafin mu bar wannan kashi, ga abin da masana ke sa wa ido yanzu. Akwai wata baktiriya mai suna Kilebsiyela. A da iri biyu aka sani. Ɗaya tana asibiti, ba ta jin magani, amma sai mai rauni take kayarwa. Ɗaya tana gari, tana da zafi, tana iya kayar da lafiyayye, amma magani na kama ta. A 2016, a wani asibiti a birnin Hangzhou na ƙasar Sin, aka ga wadda ta haɗa halayen biyu. Mutum biyar ta kama a ɗakin kulawa ta musamman. Ba wanda ya tashi. A watan Yuli na 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da sanarwar jan hankali a kan irin wannan ƙwaya.

Kuna tare da mu a shirin faɗakarwa kan lafiya. Kashi na uku: ina sababbin magunguna?

Wani zai ce, "Ai Turawa za su ƙero wani." Ina ma haka ne. Yawancin dangogin antibayotik da muke sha yau an gano su ne tsakanin 1940 da 1970. Tun daga nan rijiyar ta fara ƙafewa. Sabon magani yakan ci shekara 10 zuwa 15 kafin ya iso hannun marar lafiya. Idan ya iso, likitan kirki zai kulle shi a kabad, ba zai fito da shi ba sai ta ɓaci. Daidai ya yi. Amma ɗan kasuwa ba ya son hajar da ake ɓoyewa. Wani kamfani a Amurka, Achaogen, ya samu amincewar hukuma a kan sabon antibayotik a 2018. A 2019 ya karye. Manyan kamfanoni da yawa sun bar fagen. A Ingila, tun 2022, gwamnati ta ɗauki dabarar biyan kamfani kuɗi tsayayye duk shekara, ko an sha maganin da yawa ko kaɗan, don kada a daina ƙerawa.

Duk da haka akwai albishir, kuma ya iso har jiharmu. Tarin fuka, wato tibi. A da, wanda tarinsa ya bijire wa magani yakan yi wajen shekara biyu yana sha, da allura kullum na tsawon watanni, allurar da ta kurmantar da wasu. A 2012 aka amince da bedakwilin, sabon maganin tibi na farko cikin kusan shekara 40. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar haɗin wata 6 kacal, duka na haɗiya, ba allura. Muna da cibiyar ƙasa ta horarwa kan tarin fuka da kuturta a Saye, kusa da Zariya. Gwajin tibi da maganinsa kyauta ne a asibitocin gwamnati. Sai dai tuni aka fara ganin ƙwayoyin da ke bijire wa bedakwilin ɗin ma a kudancin Afirka. Duk wuƙar da muka wasa, suna neman taurinta.

Wannan ya sa wasu masana suka sauya tambaya. Suka ce, dole sai mun kashe ta? Me zai hana mu ƙwace wuƙar, mu bar garkuwar jiki ta ƙarasa aikin? Hikimar ita ce, maganin da ke kisa yana tilasta wa ƙwaya neman tauri. Wanda ya kwance mata ɗamara kawai bai matsa mata haka ba, kuma ba ya share ƙwayoyi masu amfani na hanji. Ana bin hanyoyi da dama. Akwai masu kama dafi. A 2016 Amurka ta amince da wata allura mai kama dafin wata baktiriya da ke sa muguwar gudawa ga waɗanda suka sha antibayotik da yawa. Akwai masu hana ƙwaya mannewa a mafitsara, fitsari ya wanke ta. Akwai kuma masu toshe musu hanyar magana. E, magana. Baktiriya na sakin wani sinadari da suke ƙidaya junansu da shi. Wasunsu ba su sako dafi sai sun ji sun yi yawa. Bonnie Bassler ta jami'ar Princeton na cikin waɗanda suka yi fice a wannan bincike. Gaskiyar magana, yawancin waɗannan dabaru suna ɗakin gwaji tukuna. Kada wani ya zo muku da kwalba a tasha ya ce shi ne.

Akwai kuma masu kiwon bairos ɗin nan mai cin baktiriya. Dangin wanda ya ba mashaƙo dafi, wasunsu fasa ƙwayar suke yi. Félix d'Hérelle ya bayyana su a 1917. A birnin Tbilisi na ƙasar Jojiya akwai cibiyar da ke magani da su tun 1923. A 2016 likitoci a San Diego sun ceci wani malamin jami'a, Tom Patterson, da su, bayan ya kwaso wata ƙwaya a Masar wadda ta gagari duk maganin da aka gwada. Matsalarsu, kowanne da irin baktiriyar da yake ci, sai an nemo wanda ya dace da ta marar lafiya.

Duk sabon magani sai an gwada shi a jikin mutane. A nan mu mutanen Arewa muna da tabo. A 1996 sanƙarau ya kashe sama da mutum 11,000 a Najeriya. Ana cikin wannan hali kamfanin Pfizer ya gwada sabon antibayotik mai suna Trovan a asibitin cututtuka masu yaɗuwa na Kano. Yara 200 aka sa a gwajin, wajen rabi aka ba su Trovan, sauran wani maganin. 11 suka rasu, wasu suka nakasa. Iyaye suka ce ba a yi musu bayani ba, ba a nemi yardarsu ba. Kamfanin ya ce cutar ce ta kashe yaran. A 2009 aka sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. Kuɗi ba ya dawo da yarda. Har yau akwai gidajen da ke rufe ƙofa idan sun ga masu rigakafi, kuma wannan labari na cikin dalilansu. Ra'ayina shi ne, gwaji ba laifi ba ne. Maganin da ba a gwada a kanmu ba, ba mu san yadda zai yi mana ba. Laifin shi ne gwaji ba bayani. Duk wanda aka nemi ya shiga bincike, haƙƙinsa ne a yi masa bayani da Hausa, ya yi tambaya, ya ce a'a idan ya ga dama, kuma a duba shi kamar kowa.

Yanzu ga abin da nake so ku kwana da shi. Wannan dabara ta ƙwace wuƙa, wadda ake kashe miliyoyin daloli a kanta, muna da irinta a asibitin unguwa, kyauta. A 1923 wani Bafaranshe, Gaston Ramon, ya gano yadda ake kashe kaifin dafin mashaƙo a mayar da shi rigakafi. Jikin yaro ya ga dafin da ba ya cutarwa, ya koyi kama shi. Ranar da na gaske ya zo, ya tarar an shirya. Ko ƙwayar ta bijire wa fenisilin, ko ba ta bijire ba, wuƙarta ba ta da kaifi a jikin wannan yaro. Wannan rigakafin ne ke cikin allurar penta da ake yi wa jarirai. Rigakafin sanƙarau kuma rigar ɓuyan ƙwayar yake koya wa jiki ganewa. A 2024 Najeriya ce ƙasa ta farko a duniya da ta fara amfani da sabon rigakafin da ke kare mutum daga nau'i biyar na sanƙarau a allura ɗaya. Yaron da bai kamu ba, ba ya buƙatar antibayotik. Antibayotik ɗin da ba a sha ba, ba ya koyar da tauri.

Kashi na ƙarshe: mu dawo gida.

Idan likita ya duba ka ya ce mura ce, je ka huta, ka sha ruwa, kada ka ce bai iya aiki ba. Ya iya. Idan ya rubuta antibayotik, tambaye shi: sau nawa a rana, kwana nawa? Ka sha yadda ya ce. Kada ka rage don ka ji sauƙi. Kada ka ƙara don ka matsu. Idan kuɗinka ba za su sayi cikakke ba, gaya masa tun a nan. Sau da yawa akwai mai araha da zai yi aikin. Ragowa kuma ba a ajiye ta, ba a kyauta da ita.

Idan ciwo ya ƙi jin magani, ciwon fitsari ne, ko miki mai ruwa, ko zazzaɓin da ya ƙi sauka, kada a yi ta sauya kafso. A nemi gwajin da ake kira kalcha. Ana ɗaukar fitsari ko jini ko mugunya, a raini ƙwayar kwana biyu zuwa uku, a ga wane magani ke kama ta. A fara daga Babban Asibitin Kawo ko asibitin da ya fi kusa. Idan abin ya fi ƙarfinsu, akwai Barau Dikko a cikin gari, akwai asibitin koyarwa na Shika.

Masu kemis, 'yan'uwana, ku ne likitan farko na talaka, kun sani, mun sani. Kalmar "je asibiti" daga bakinku ta fi tawa nauyi.

Tari ya wuce mako biyu, a je gwajin tibi. Yaro na zazzaɓi da ciwon maƙogwaro, wuyansa ya kumbura, ko an hango yana mai launin toka a maƙogwaronsa, a tafi asibiti a ranar. A ranar, ba gobe ba. Kada a kankare yanar, kada a kai shi a cire beli. A raba shi da sauran yara, a gaya wa ma'aikatan lafiya su wa ya yi cuɗanya da su.

Hajiya, in an idar da sallah, ɗauko katin rigakafin yaran nan ki duba. Penta sau uku ce: mako 6, mako 10, mako 14. Sau uku. Maigida, kai ma duba, ba aikin mata kaɗai ba ne. Idan ɗaya ta tsere, ba a makara ba. Idan katin ya ɓata, a je a haka, ma'aikatan za su tambayi shekarun yaron su faɗi abin da ya rage.

Lokacinmu ya cika. Sai Allah ya kai mu mako mai zuwa. A huta lafiya.